Rasuwar Mangwaro, Lemar da Na Ɗora wa Kowace Iska

"Mama, ke kika kashe Mangwaro, ko Nana ce?"

Imogen ce ta yi tambayar, 'yata mai shekara huɗu, ranar Lahadi muna cin kifi da soyayyen dankali. Nanar da take nufi, wato Noelene mahaifiyar mijina, tana zaune daf da ita. Ta ajiye cokalinta a hankali. Ni kuma na ce wa yarinyar ta ci abincinta kafin ya huce. Tun ranar ban ba ta amsa ba. Ga shi na rubuta, zan manna a allon sanarwa na bakin teku, don masu tare ni a wajen ajiye motoci su ma su huta, ni ma in huta.

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa ɗaya da har yanzu ba ta ɗaguwa, ni Tahlia Marinovich, a madadin mijina Declan da ke can wurin haƙar ma'adinai, da 'ya'yanmu biyu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan hawan ruwa rasuwar lemarmu Mangwaro, mai faɗin mita tara, irin wadda ake hurawa da famfo iska ta ɗaga ta sama da igiyoyi, wadda ta shekara uku tana ja na a kan allon hawan ruwa bisa tekun garinmu Geraldton. Ta rasu ranar Alhamis, ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, a kan shingen da ke tsare tudun yashi, bayan doguwar jinya da gajeren hatsari.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ba ta da suna. Sai da bakin Imogen ya buɗe ta dube ta a sama, ruwan ɗorawa da ratsin ja, ta ce mangwaro. Shi ke nan suna ya bi ta.

Kowa a bakin tekun nan lema uku gare shi, ƙarama da matsakaiciya da babba, don kun san halin iskarmu ta bazara. Da tsakar rana ta taso daga kudu kamar mai jin kunya, noti goma sha huɗu a ma'aunin gudun iska, ko yashi ba ta ɗagawa. Kafin ƙarfe huɗu ta kai talatin, tana fizge ƙofar mota daga hannun mutum. Mai lema uku sai ya fito ya sauya. Ni kuwa bayan motata akwai keken jariri, da jakar famfas, da kular ruwa, da bokitin wasan yashi. Sannan awa ɗaya gare ni, Talata da Alhamis, lokacin da Noelene ke riƙe mini yara. Mai awa ɗaya ba ta hura lema biyu.

Shi ya sa ranar da na shiga shago na ce wa mai shagon ɗaya tak nake so, wadda za ta ɗauke ni daga sha huɗu har talatin.

"Nauyinki nawa?" ya ce.

"Kilo sittin."

Warwick yana jingine da kanta, tsohon masuncin nan da kowa ke kira Wazza, wanda gwiwa ta hana shi hawa amma ba ta hana shi zaman bakin teku yana kama wa mutane lemarsu ba. Ya kwashe da dariya.

"Ke 'yar nan, takalmi ɗaya kike nema na zuwa coci da na shiga kwalekwale? Ɗauki mai mita bakwai. Ke da ko buhun albasa ya fi ki nauyi."

"Mai bakwai ba za ta ɗaga ni a sha huɗu ba, Wazza."

"To ranar sai ki zauna ki sha shayi da ni."

"Ba shayi na baro yarinya in zo sha ba."

Na ɗauki mai tara. In faɗi gaskiya, ba don ranakun iska mai ƙarfi na zaɓe ta ba. Tsoron ranakun da iska ke kwanciya ne ya zaɓa mini, kada in tuƙo mota, in sa rigar ruwa, in tsaya ina kallon awata tana tafiya a banza. Na ce wa kaina idan iska ta yi yawa ai akwai igiyar rage ƙarfi, sai in ja ta. Haka na ɗora wa baiwar Allah aikin lema uku, ta kuwa ɗauka ba ta taɓa ƙorafi ba.

Mangwaro mai haƙuri ce. A ƙaramar iska, in dai na yi ta kaɗa ta sama da ƙasa, sai ta lallaɓa ta miƙar da ni, ko da tafiyar ta zama ta agwagwa. Daga sha takwas zuwa ashirin da biyar kuwa babu kamarta. A nan take sakin jiki, igiyoyinta huɗu suna wani siririn fito, fiiii, ni kuma in manta da wanki, da allurar rigakafi, da abin da za a dafa. Idan ta faɗa ruwa ba ta kwanciya tana jiran a roƙe ta, igiya ɗaya za ka ja ta mirgina ta tashi. Idan iska ta wuce ashirin da bakwai sai muryarta ta sauya, bakinta na baya ya kama fat-fat-fat-fat. Gargaɗi take yi mini. Na daɗe ina ɗaukarsa a matsayin surutun tsufa.

Jinyarta ta fara ne bayan haihuwar Rory, ƙanen Imogen, wanda yanzu watansa takwas. Sau nawa na sauke ta a bakin teku, na danne ta da yashi, na ce minti biyar in shayar da shi in dawo. Minti biyar ya zama arba'in, tana kwance rana na cin ta, iska na kaɗa ta. Sau nawa na naɗe ta da danshi da gishirinta don wani yana kuka a mota. Launinta ya koɗe. Yadinta da ke ƙara kamar sabuwar takarda ya yi laushi kamar tsohon zanin gado. Na yi mata faci uku a kan teburin kicin. Tiyub ɗinta na gaba ya fara sace iska, tsiii, a hankali, har sai ka kara kunne za ka ji. Declan ya ce in jira ya dawo ya duba. Sati biyu yake yi a can, ɗaya a gida, kuma a satin gidan akwai famfon wanka da ke ɗiga tun bara.

Yanzu ga abin da ya faru, tunda shi kuke son ji.

Duk mai hawan lema ya san cewa idan ka dafa tsakar kanka da tafin hannu sau biyu ko uku, cewa kake yi wani ya zo ya kama mini lemata, zan sauka. Ko'ina ka je haka ne. Amma a gidana, ni da kaina na koya wa kowa cewa dafa kai na nufin hula. Ranar garin nan ba ta wasa da fatar yaro, kakan Imogen har yanka biyu aka yi masa a kunne saboda ita. Daga tagar kicin nake dafa kai, daga ƙofar makaranta, daga cikin mota. Imogen na ganin hannuna ya nufi kaina take rugawa neman hularta. Noelene ma ta sha wannan dafa kan har ta gaji. Ɗaya ma'anar kuwa ban taɓa gaya mata ba. Me zai sa? Kullum Wazza na nan.

Ranar Alhamis Wazza ba ya nan, ya tafi Perth ganin likitan gwiwa. Na shiga ruwa ƙarfe uku, iska tana ashirin da biyu, Mangwaro tana fitonta. Kafin rabin awa teku ya yi fari fat. Sauran mahaya biyu da ke wurin sun yi nisa da ƙananan lemominsu. Na ja igiyar rage ƙarfi har ƙarshenta, na tura sandar tuƙi iya tsawon hannuna, duk da haka tana ɗaga ni daga kan ruwa tana ajiyewa kamar ƙyalle. Daga baya aka ce mini ta taɓa talatin da biyar. Na lallaɓo gaɓa da ƙyar, na yar da allo, na tsaya ruwa iya gwiwa, yatsun ƙafata ne kawai ke taɓa ƙasa. Babu kowa a kan yashi sai Noelene a ƙarƙashin 'yar rumfarta, Rory a cinyarta, Imogen na haƙa rami.

Na dafa kai. Na sake dafawa. Na yi ihu, iska ta kwashe.

Noelene ta gan ni. Ta ɗago mini babban yatsa. Sannan ta juya ta ce wa Imogen wani abu, ta nuna mata can ƙasa, inda iska ta jefar da hular. Yarinyar ta miƙe da gudu.

Inda hular take, nan ne daidai inda Mangwaro za ta faɗi idan na tura makullin gaggawa, wanda ke sa lema ta saki iska ta zube ƙasa. Wanda bai taɓa riƙe igiyar lema a iska talatin ba, ba zai gane ba. Siririya ce kamar zaren ɗinkin buhu, kuma idan ta miƙe tana yanka har ƙashi. Na ga ɗan wuyan Imogen, na ga igiyoyi huɗu a samanta.

Ban yi wani tunani mai tsawo ba. Na fizgi sandar, na juya lemar ta bi ta saman kaina zuwa ɗaya gefen, wajen tudun yashi inda ba kowa. Na san abin da hakan zai yi mini, ya kuwa yi. Ta ɗauke ni sama, ta buga ni a kan kafaɗa, ta ja ni a yashi. Sai da na ga ta wuce rumfa sarai sannan na tura makullin, na kuma kwance igiyar tsira da ta rage tsakanina da ita, na sake ta gaba ɗaya. Shekara uku ban taɓa sakin ta ba. Ta yi birgima sau biyu, ta hau kan turakun ƙarfen shinge. Kalmarta ta ƙarshe ɓaaar ce, daga wannan kunne zuwa wancan, sai wani dogon fuuuu, iskar da na hura mata da hannuna tana fita.

Ina kwance bakina cike da yashi, sai ga Imogen a kaina, hula a ka, ta ɗaure igiyarta har wuya.

"Mama, kin gani? Na sa."

Noelene ta iso tana haki, Rory a kafaɗa.

"Wayyo 'yata, me ya faru? Ni fa na ga kina ta dafa kai, na ce na shiga uku, ta hango yarinyar ba hula, yau sai na sha wa'azi."

"Cewa nake ki zo ki kama lemar, Noelene."

"In kama ta? Ni? Ta ina ake kama ta?"

 Ko da ta gane, ban taɓa nuna mata ta ina ake kamawa ba.

Na kira Declan. Ya tambayi lafiyar Imogen, ya tambayi kafaɗata, ya sake tambayar lafiyar Imogen. Can ya ce, "To allon fa, an same shi?" An same shi, wani mai yawo da kare ya tsinto mana.

Saboda haka, ga masu tambaya manya da ƙanana: ba Nana ba ce. Noelene ta yi abin da na shekara uku ina koya mata, kuma ta yi shi da sauri. Iska ma ba ta yi abin da ba ta saba ba. Ni ce, kuma sau biyu. Na farko a shago, ranar da na zaɓi lema saboda tsoron rasa awa ɗaya. Na biyu duk ranar da na bar tsohuwa da yarana a bakin teku ban ɗauki minti biyar na gaya mata abin da hannuna ke faɗa ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar allo ɗaya mai tabo a hanci, da ɗamarar ƙugu, da famfon hura iska wanda tun ranar yake tsaye a gareji ba mai kula shi, da sandar tuƙi da igiyoyi huɗu da suka cukurkuɗe, Wazza ya ce a bar masa zai warware a hankali tunda likita ya hana shi tafiya. Ta kuma bar ni, da Talata da Alhamis da ban san yadda zan yi da su ba. Shekaranjiya na zauna a mota a wajen ajiye motoci har awar ta cika, sannan na koma gida.

An kai ta wurin mai gyara, ya shimfiɗa ta, ya sa yatsa a yadin ya ɓurma ba tare da ya matsa ba. Ya ce a yi haƙuri.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar ƙarfe tara na safe, kafin iska ta taso, a kan ciyawar da ke gefen wurin wanke ƙafa. Za a cire tiyub a kai shara. Yadin da ya rage Noelene ta roƙa a ba ta, za ta ɗinka jakunkunan zuba kayan ruwa, duk mai so ya karɓi ɗaya. Ba a buƙatar furanni. Wanda zai iya ya zo da tsiran nama da burodi, akwai murhun gashi a wurin. Kowane mahayi ya zo da mutumin da ke zaman jiransa a kan yashi, miji ne ko mata ko uwa ko maƙwabci. Wazza zai zauna a kujerarsa ya nuna musu ta ina ake kama lema da ta ina ba a matsowa kusa da ita. Noelene ce farko a layi, ita ta nema.

Kai kuma da kake karanta wannan, ke ma da bayan motarki ya cika irin nawa, idan lema ɗaya za ku iya riƙewa, to ku riƙe ɗaya, ba laifi ba ne. Amma ku zaɓe ta da nauyinku da iskar da ta fi yawa a tekunku, kuma idan kuna shakka tsakanin biyu ku ɗauki ƙaramar. Ranar da iska ta gaza mata, awa ɗaya kuka rasa. Ranar da ta fi ƙarfinta, kada ku ko fito da ita daga jaka. Kuma kada ku sa ƙafa a ruwa, ko da teku ya kwanta kamar faranti, sai kun tsaya gaban wanda ke riƙe muku yara, kun dafa kanku, kun ce ya faɗa muku da bakinsa abin da kuke nufi.