Ranar da Na Koyi Ma'anar Gusum

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Dandin Mahe ba, kuma ko na so in manta, kalma ɗaya ta isa ta dawo mini da ita ɗanya. Shekarar da aka yi zaɓen farar hula na biyu ce, 'yan watanni kafin soja su dawo. Wanda ya ga lokacin ya san yadda aka sha: sabulu ya zama abin ɓoyo, shinkafa sai an bi layi, ga kuma ciwon bushiya ya faɗa wa shanu yana kwashe garke sukutum. Ni kuwa a tsakiyar wannan masifa, babban abin da ya dame ni shi ne kada a ce mini Bakano.

Bari in yi bayani. Mahaifina ɗan Boɗinga ne, amma a Kano aka haife ni, can na yi karatu. Da na gama kwalejin horon malamai sai na dawo gida, aka tura ni koyarwa firamare a Dandin Mahe ta ƙasar Shagari. Da na buɗe baki sai a yi murmushi a ce, "Ɗan Kano ya iso." Abin yana ci mini rai ƙwarai. Na dage da cewa "mi" maimakon "me", ina cusa "munka" da "sunka" ko'ina, har inda ba wurinsu ba. Na kuma ɗaukar wa kaina wata doka ta wauta: duk kalmar da ban gane ba, ba zan tambaya ba, sai in gyaɗa kai kawai. (Sau da yawa na gyaɗa kai ga zagin da ake yi mini.)

Duk ranar Juma'a bayan la'asar nakan hau kekena zuwa Boɗinga, majalisarmu ta shagon Altine kafinta. Mu ba 'yan siyasa ba ne, ba ma 'yan ƙwallo ba. Mu mayun inji ne. Akwai shi Altine, akwai Malam Bello malamin asibiti, wanda in ya ga rediyon da ya mutu sai ya buɗe cikinsa ko ba a sa shi ba, sai kuma ni. A tsakiyar shagon akwai wani ƙaton injin goge katako da ya shekara a kwance, saboda wani ɗan ƙarfe guda ya karye kuma an hana shigo da kayan gyara. Mukan zauna kewaye da shi kamar masu jinya, kowa na faɗin maganin da zai tashe shi.

Amma abin alfaharin shagon shi ne zarto mai inji, irin mai sarƙa ɗin nan da ake ja da igiya. Altine ya same shi daga wani kamfanin yin hanya da ya tattara ya tafi da tsuke bakin aljihu ya zo. Ya zo da ɗan littafinsa na Turanci mai hotuna, kuma da yake ni ne mai karanta shi, sai na naɗa kaina shehin sare itace. Ban taɓa sare ko zogale ba.

In hira ta juya kan masu saran icce na ƙauye, nan nake baje kolina. Malam Bello yakan ba da labarin waɗanda ake kawo masa asibiti: wanda ya hau reshe ya zauna a kansa yana sara, wanda ya cinna wuta a gindin gawo ya tafi sallah, ya dawo ya tarar ya kwanta kan rumbunsa. Mu yi ta dariya. Ni kuma in ɗaga littafin in ce, "Duk rashin ilimi ne. Dubi nan, doka ta farko: kafin ka taɓa itace, ka taka da ƙafarka ka duba inda zai faɗi." Na faɗi wannan dokar ya fi a ƙirga, har Altine yakan riga ni ƙarasa ta.

To, iskar bazara ta yaye rufin aji huɗu, ajina. Hedimasta ya rubuta wa ofis takarda har ya gaji, ba kwano ba katako. Aka yanke shawarar a yi rufin ƙasa irin na gida kafin ruwa ya sauka, kuma rufin ƙasa sai da azara. A bayan makarantar akwai wani dogon namijin giginya, a bakin gonar wani dattijo makiyayi, Baba Dikko. Da hedimasta ya je masa da maganar, bai ja ba. Ya ce ya ba makaranta don Allah.

Baba Dikko mutum ne da a da in garkensa ya taso daga fadama sai an tsaya an ba shi hanya. Bushiya ta shiga ta fita, ta bar masa saniya ɗaya tak, wata farar bokolo mai ciki. Mutanen gari suka sa mata suna Ragowa. Da nononta gidan ke fatan shan fura, da ɗan cikinta yake fatan sake kafa garke. Ya fi kula da ita a kan kansa. Na sha ganinsa yana kakkaɓo mata 'ya'yan gawo da tsakar rana, shi kuwa ko karyawa bai yi ba.

Hedimasta ya so a kira masu gatari na gari. Ni na hana. Na ce kwana biyu za su yi suna fama, mu kuwa da inji kafin a sha ruwa an gama. Gaskiyar magana, so nake garin nan kaf ya ga Ɗan Kano yana abin da ba wanda ya iya.

Ranar Asabar da hantsi Altine da Malam Bello suka iso da zarton ɗaure a bayan babur. Gari ya fito kallo. Na zagaya giginyar da littafi a hannu, ina ɗaga kai ina runtse ido ɗaya. Gabas aji ne, yamma gidan Baba Dikko. Arewa akwai wata bishiyar bedi, wato darbejiya, inda Ragowa ke ɗaure tana tuƙa. Kudu kuwa fili ne, sai wata dangar kara can gaba. Na leƙa bayan dangar, ba komai sai tsohon turke. Na yanke a raina kudu za ta faɗi, ko kanta ya taɓa dangar ba wata asara ba ce. Ban gaya wa kowa ba, don gwani ba ya shawara.

Sai inji ya ƙi tashi. Altine ya ja igiya har hannunsa ya yi tsami. Suka durƙusa shi da Malam Bello, suka kwance fulogi suna hurawa suna gardama kan ko mai ne ya yi yawa. Ina tsaye gefe ina gumi, ina jin 'yan kallo sun fara ƙus-ƙus, sai Baba Dikko ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Malam, gahwara dai. Iccen ga, gusum za shi hwaɗi?"

Gusum. Ban taɓa jin kalmar ba. Amma kunnena ya ba ni cewa 'yar'uwar "rugum" ce ko "tim", wato tsohon yana tsoron kada itacen ya faɗo da ƙarfi ya girgiza masa gida. Na yi 'yar dariyar nan ta masu ilimi.

"Haba Baba, ba gusum ba! Wanga aikin inji na. A hankali za shi kwanta."

Ya dube ni. "Ba gusum ba, kac ce?"

"Ko kusa."

"To madalla. Bari in gusa da Ragowa."

Na ce masa hakan ya yi kyau. Har na ji daɗi a raina, wai na yi hira da dattijo da Sakkwatanci tsantsa bai gane ni baƙo ba ne.

Daidai nan zarton ya yi tari ya kama. Ƙararsa ta cika garin, mata suka toshe kunne. Altine ya miƙo mini yana ihu in yi sauri kafin ya sake mutuwa. Dokar farko ta zo mini a rai, wallahi ta zo. Amma na riga na duba ɗazu, kuma idon gari na kaina. Na yanka baki ta kudu kamar yadda hoton ya nuna, na koma ta baya na shiga ci. Giginya ba wasa ba ce, garin itace na ta shiga mini ido. Can na ji ta yi ƙara daga ciki, kanta ya fara tafiya. Na ja da baya ina murmushi, don ta nufi daidai inda na so.

Ta fi yadda na auna tsawo. Kanta ya haye dangar ya murƙushe ta, ƙasa ta girgiza. Mutane suka fara sowa, wani ma ya kama hannuna ya ɗaga. Altine ya kashe injin. A cikin shirun nan ne muka ji kukan, wani irin nishi mai tsawo daga ƙarƙashin karan dangar.

Baba Dikko ne ya fara isa. Ban san tsoho na iya gudu haka ba. Da muka janye ganyen, ga Ragowa a tsohon turken nan, gangar giginyar ta sauka a gadon bayanta. Ƙafafunta na gaba suna tonon ƙasa, na baya ko motsi. Malam Bello ya durƙusa ya shafa bayan, ya ɗago ya girgiza kai.

Tsohon bai yi kuka ba, bai yi ihu ba. Ya tsuguna ya riƙe kanta yana yi mata magana da Fulatanci. Sannan ya ce a ba shi wuƙa kada ta mutu mushe. Da hannunsa ya yanka ta. Da aka feɗe aka fito da ɗan, mace ce, har gashi ya fito mata.

Sai da ya wanke hannu ya juyo wurina, gaban hedimasta, gaban gari duka. Muryarsa ba faɗa a ciki, kuma wannan ya fi kashe ni.

"Malam, ba kai kac ce mini ba gusum ba? Arewa take, lahiya lau. Maganakka nij ji nim maishe ta nan."

Kowa ya zuba mini ido. Na duba littafin da ke aljihuna kamar zai cece ni. Ƙarya ta zo bakina, in ce iska ce ta juya shi, amma bakin da na yanka a kututturen yana nan yana kallon kowa. Na ji muryata ta fito ƙarama, da Kanancina na asali.

"Baba, ban san mene ne gusum ba."

Altine ya dafe kai. "Kudu, Malam! Kudu taku ta Kano! Kai da ka koya ma yara gabas da yamma?"

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da na fi samun sauƙi. Baba Dikko ya ɗaga hannu ya nuna mini inda giginyar ke kwance, a hankali, yadda ake nuna wa 'yan aji ɗaya harafi a allo.

"Can na gusum," ya ce. "Da ka tambaye ni, ɗana, da na hwaɗa maka."

Hedimasta ya so a kai maganar gaban hakimi. Tsohon ya ƙi. Ya ce icce ya ba da shi don Allah, ba zai bi kyautarsa da ƙara ba. Ya raba naman gida-gida, kuma da la'asar sai ga matarsa da kwano a ƙofar ɗakina, an aiko wa Malam da rabonsa. Na yi wata biyu ban ga nama ba, amma na zauna ina kallon kwanon nan har ƙuda suka gane shi. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Masu gatarin da na raina su suka zo suka tsaga giginyar, suka fitar da azara masu kyau. Aka rufe aji huɗu kafin ruwan farko, kuma a ƙarƙashin azarar nan na ci gaba da koyarwa, ina ɗaga kai ina ganinsu kullum. Majalisa kuwa na yi makonni ban je ba. Da na koma, Altine ya rataye zarton can sama, ba a sake maganar masu saran icce na ƙauye ba. Malam Bello ya samu sabon labari, amma ya yi mini kara, ba ya ba da shi sai ba na nan.

Abin da na koya? Ba a kan inji ba ne, don itacen ya faɗi daidai wajen da na nufa da shi, saitina bai kauce ko na taƙi ba. Yanzu dai ni ne tsohon nan mai gajiyar da mutane da "me kake nufi?" Ko jikata ta faɗi kalmar da ban sani ba sai na tsayar da ita. Ana yi mini dariya, ina kuma karɓa hannu biyu, don na san nawa ɗaya kunyar take ci.

Bayan an yi girbi, na lura kwana biyu ban ga Baba Dikko a masallaci ba. Ashe makiyayin da ba shi da ko saniya ɗaya ba abin da zai zauna yi, an ce wani ɗan'uwansa ya samo masa aikin gadi a can ƙasar Yarbawa. Ban sani ba tukuna a lokacin, sai na tsayar da maƙwabcinsa a bakin rijiya na tambaye shi ina tsohon ya shiga.

Ya ci gaba da jan gugarsa, bai ko dube ni ba. "Ya yi gusum," ya ce.

Wannan karon ban buƙaci a fassara mini ba.