Wanda Ya Haddace Duniya a Ainu Shams

Riwaya biyu ce ta iso gare ni a kan wannan al'amari. Na amince da ta Ukasha, domin yana zaune a kan kwamfutar da ke kusa lokacin da abin ya faru, kuma ban taɓa kama shi da ƙarin gishiri ba. Ta Sagiru kuwa na ajiye ta gefe, saboda a cikin motar haya ya tsinto ta.

Wani ne daga cikin ɗalibanmu na Alƙahira ya nemi kujerar sakataren yaɗa labarai na ƙungiya, a shekarar 2013, bisa da'awar cewa kwamfuta ba ta da sirrin da ta ɓoye masa. Shugaba, Malam Hussain, ya ɗora masa jarrabawa: ya zana hoton duniya, ƙwallo guda yana shawagi a sarari, domin fastar wani taron wa'azi mai taken "Duniya Ba Matabbata Ba". Idan hoton bai isa wurin mai bugawa kafin la'asar ba, to, kujera ta zama ta wani.

Mutumin ya shiga wani shagon kwamfuta a unguwar Ainu Shams, ya buɗe manhajar Fotoshof, ya zuba mata ido kamar mai jiran ta yi masa sallama. Mai shagon, wani Bamisire mai tausayi, ya matso ya koya masa: a samo hoton abu mai kaushi, a yanke shi da'ira, a kumbura shi. Mutumin ya ɗauki hoton gurasar da ya sayo don kalaci. Aka kumbura ta, sai ga duniya sak, har da tsaunuka.

Mai shago ya ce shimfiɗa uku ta isa aikin, ɗaya bisa ɗaya.

"Uku? Haba Ammu! Ƙassai bakwai muka karanta. Ƙaro huɗu."

Aka ƙara. Aka zo sanya inuwa, domin rabin ƙwallon ya zama dare. Ya kama hannun mai shago.

"Tsaya tukuna. Wane ɓangare ne Kano?"

"Ya Shaikh, gurasa ce!"

"Ko ma mece ce. Kai duhun can wajen Turawa. Mutanenmu da ma ba su da wuta, ba zan ƙara musu ba."

Da hoton ya kammala, mai shago ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Tamam. Yalla, ihfaz! Wuta ba ta da tabbas kwanan nan."

A nan ya wajaba in yi bayani. Kalmar hifzi, wadda ihfaz ta fito daga gare ta, a bakin masu kwamfuta, adana aiki take nufi. A bakin ɗalibin Alƙur'ani kuwa, hadda ce.

Mutumin ya cire hannu daga linzamin kwamfuta. Ya tanƙwashe ƙafa a kan kujera. Ya kafa wa hoton ido, yana rangaji gaba da baya, leɓɓansa suna motsi. Can mai shago ya leƙo.

"Ka yi hifzin?"

"Saura kaɗan. Na kai tsakiya."

Mai shago ya ɗauka na'urar ce ke nauyi, ya ce ma'alish, wato ba komai, ya koma mazauninsa.

Ana haka wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi ƙirin. Samarin da ke wasan ƙwallo a sauran kwamfutocin suka ɗau salati. Mutumin kaɗai ne bai girgiza ba. Ya shafa addu'a, ya ce, "Alhamdulillahi, a kan gaɓa."

Daidai nan Malam Hussain ya shigo yana sharce gumi, filas na kwashe aiki daga kwamfuta a hannunsa.

"Akhi, ina duniyar?"

"Ta tashi, ya Shugaba."

"Ta me?"

"Kwantar da hankalinka. Na yi hifzi."

"Madalla! A wace ma'ajiya ka sa ta?"

Mutumin ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. Sa'an nan ya gyara murya, ya rufe ido, ya fara jawowa da ƙira'a: "Daga sama, ja-ja mai ɗan ƙuna. Ƙasa da shi rami biyu, ɗaya da ɗigon dusa. Sai inuwa ta karkato hagu, ta tsallake Kano..."

Mai shago ya ɗora hannu biyu a ka, ya yi waje.

Malam Hussain ya nemi kujera ya zauna. Ya dubi filas, ya dubi goshin. Cikin muryar wanda aka yi wa rasuwa ya ce, "To yanzu, don girman Allah, me zan kai wa mai bugawa?"

Waɗanda suka halarta, suka kuma ji amsar da kunnuwansu, su ne Ukasha, da Lawal ma'ajin ƙungiya, da Habila direban ofishin jakadanci wanda ya shigo aika saƙo gida, da Hajiya Mahasin mai sayar da turare a maƙwabta. Mutumin ya miƙe, ya zura takalmi, ya ce:

"Ni za ka kai mana. Amma mu yi sauri, kudancin ya fara zubewa."