Tafintan Sifaniyanci a Ɗaurin Auren Tsafe

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren Dakta Sani a Tsafe ba, ko da zan so in manta, surukaina ba za su bari ba.

Aikina rubuta labarai a wani gidan rediyo a Gusau, kuma Allah Ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Wata rana na ci karo da darasin kalmomin Sifaniyanci na marubuta a waya, sai na ce bari in ga yadda suke kiran kayan sana'armu. Ashe kanun labari titular ne, sakin layi párrafo, rubutun farko borrador. Abin ya yi mini daɗi, na yi ta hadda har cikin Keke Napep. Daga nan na fara gaya wa mutane ina jin Sifaniyanci (wallahi har ni kaina na yarda).

Cikin waɗanda na gaya wa har da Hauwa'u, wadda nake nema da aure. Dakta Sani wanta ne, a Kuba, ƙasar da ake Sifaniyanci, ya karanta likitanci, kuma abokinsa ɗan can ya zo biki.

Ana shafa fatiha jama'a suka yanyame ango. Mahaifinsa shi da Hauwa'u, Baba Alhaji, ya yafito ni gaban dattawa, ga baƙo zaune a tabarma.

"Malam, an ce kana jin maganarsu. Gaishe muna da shi. Ka ce ina gajiya, ya hanya, ya ya baro mutanen gida."

Sai a lokacin na lura darasina babu ko sannu a ciki. Ga mutumin da nake so ya ba ni 'yarsa ya zuba mini ido, in ce masa me? Na dafa ƙirji, na rusuna, na ja murya irin ta gaisuwa: "Titular... párrafo... borrador?"

Baƙo ya dube ni, ya duba bayansa, ya gyaɗa kai a hankali. Baba Alhaji ya ce madalla, a ƙara tambayar shi damina. Na ƙara masa waƙafi da babi da Sifaniyanci.

Ban san ango yana tsaye a bayana ba.

"Baba, kun san mi ya ce? Kanun labari, sakin layi, rubutun farko, waƙafi, babi."

Dattawa suka fashe da dariya, wani har hularsa ta faɗi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na ce shi ke nan, Hauwa'u ta wuce ni. Baba Alhaji ya share hawayen dariya ya ce, "To ai ya rusuna. Ladabin na nan, maganar ce babu."

Ya ba ni ita. Amma har yau in na je gaishe shi, kafin in buɗe baki zai ce, "Da Hausa dai, Malam."

Na dai koyi darasi: harshen mutane gidansu ne, ta ƙofar sallama ake shiga. Ni katanga na haura, kuma a gaban maigida.