Begilar da Ta Tsiro

Ba zan taɓa mantawa da daminata ta farko a aikin koyarwa a Ƙanƙara ba. Lokacin ne kuɗin mai ya shigo, gwamnati tana ta rabon kaya ko an roƙa ko ba a roƙa ba. Mu da bencina ba su ishe mu ba, sai ga kayan badujala an aiko mana: ganguna uku da wata ƙatuwar begila ta tagulla, mai naɗe-naɗe kamar hanjin sa, bakinta ya kai faɗin faifai. Duk makarantar ba wanda ya iya busa ta.

Ran nan Hedimasta ya tara mu, ya ce Faskari suna son aron begilar don faretin makarantu, akwai wani tsohon soja can da ya iya ta. "Amma kayan gwamnati ce, ko ƙwarzane ba ni son gani. Wa ya iya ɗaurin kaya?"

Bai rufe baki ba na ce ni ne. (Watana uku da fitowa kwalejin horon malamai, ga wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, ina jin duk lardin ba mai kaina.)

Na zauna na yi nazari. Gwangwanin da ba komai ciki shi ke lotsewa, cikakke ba ya lotsewa. Saboda haka na samo gero kusan tiya huɗu, na riƙa ɗurawa ta bakin begilar ina girgizawa har ya shiga kowane lungu. Na toshe da tsumma, na naɗe ta da buhu biyu, na ɗinke da basilla. Har na ja da baya ina kallon aikina, ina tausayin mutanen da Allah bai ba basira ba.

Aka ɗora ta bisa akori-kura mara tamfol. Abin da ban sani ba shi ne, motar ta lalace kusa da Sheme, ta kwana biyar bakin hanya ana jiran kayan gyara daga Funtuwa, ruwan sama kuwa bai huta ba ko rana ɗaya.

Ranar fareti na isa Faskari da sassafe don in karɓi yabo, na tarar ana sauke kayana. Ga malamai sun kewaye, ga Sufeton makarantu cikin farar babbar riga, ga tsohon sojan da ake kira Baba Saje yana murza gashin baki. Na hana kowa taɓawa, na ce ɗinkin na musamman ne, ni zan kwance.

Wari ne ya fara fitowa, irin na gasarar da ta kwana uku. Da na yaye buhun, sai ga tsiro fari-fari ya huda tsumman ya yi cirko-cirko a bakin begilar, saiwoyi sun sarƙe kamar tabarma.

Baba Saje ya duƙa ya leƙa, ya ce, "Malam, mi ne ne wanga?"

"Gero ne, Baba. Don kada ta lotse." (Da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba.)

Ya sa hannu ya ciro abin da zai ciru, ya zazzage, sannan ya kafa baki. Kumatunsa suka kumbura, idanu suka yi jajir, shiru. Ya sake jan numfashi ya danna. Sai ji muka yi "ɓut!" Curin jiƙaƙƙen gero ya tashi ya sauka daidai ƙirjin Sufeto, ya gangaro a hankali bisa aikin rigar.

Sufeto ya dubi rigarsa, ya dube ni. "Malam, wane darasi kake koyarwa?"

"Lissafi, ranka ya daɗe."

"Ana zaluntar ka. Hannunka na noma ne."

Dariyar da aka yi, har 'yan ganga sai da suka zauna ƙasa. Aka yi fareti ba begila, ni kuwa na kwana uku a Faskari ina sakace ta da waya ina ɗauraya. Da na koma, na iske takarda ta riga ni: an ba ni lambun makaranta, na riƙe shi shekara shida.

A gaskiya dai begilar ba ta lotse ba, kuma na faɗi haka sau da yawa, ba wanda ya saurare ni. Amma na koyi abu guda: in dabara ta zo maka wadda ba wanda ya taɓa yi kafin kai, kada ka yi saurin cewa sauran mutane ne ba su da wayo.