Gyatsar da Duk Kano Ta Ji

Abubuwa da yawa na aikin rediyo sun shige mini, amma akwai wata Alhamis a cikina na fari da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Lokacin kuɗin mai na yayi, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kusan kowane gida a Fagge ya sayi sabuwar rediyo. Ni kuma ina gabatar da shirin mata kai tsaye bayan la'asar, da murya kamar an sa mata sitati an goge (haka dai nake jin kaina).

Cikin ya fara nisa, amma ban da maigidana babu wanda ya sani. Da wane ido zan dubi surukata Hajiya, wadda muke gida ɗaya, in ce mata ina da juna biyu? Kunyar ɗan fari ba za ta bari ba. Awo ma can Sabon Gari nake zuwa, wani ɗan asibiti inda babu wanda ya san ni, in dawo cikin ƙaton mayafi kamar mai jin sanyi.

Ƙwannafi ne ya sa ni gaba. Da na ci abinci sai wuta ta taso daga ƙirji zuwa maƙogwaro. Sistar asibitin ta ce in riƙa ci kaɗan-kaɗan, in rage yaji da maiƙo, kada in kwanta da gama ci, kanwa kuma in rabu da ita. Na ce to. Har na karanta wa masu sauraro wannan shawara a wani shirin, daki-daki, kamar ba ni ake nufi ba.

Ranar nan maƙwabciyarmu Iya Sikira, Bayarabiya mai sayar da atamfa, ta kawo mini amala da miyarta mai jan barkono. Na rufe ƙofa na share kwanon tas, na ɗan kishingiɗa. Da na tashi ƙirjina ya kama da wuta. Na jiƙa kanwa na shanye, da na isa wurin aiki kuma na kora da lemon kwalba mai sanyi. A ganina na yi dabara.

A ɗakin watsa shiri da hannu ake magana. Injiniyanmu Mista Okoro yana bayan gilashi. Idan kina son ya kashe makirufo sai ki gitta yatsa a wuya, idan kina son ya ƙara murya sai ki ɗaga tafin hannu sama. Jar fitila ta kama, na yi sallama, na shiga bayani a kan tsabtace madafa. Ina cikin magana na ji kanwa da lemo sun gama shawara a cikina sun taso. Maimakon in gitta yatsa, sai hannuna ya bi abin daga ƙirji zuwa sama. Mista Okoro, bawan Allah mai kula da aikinsa, ya ƙara murya.

Ba irin gyatsar da ake rufewa da gefen mayafi ba ce. Doguwa ce, mai gabatarwa da kammalawa. Na ga allurar na'ura ta buga ƙarshe ta tsaya.

Da na yi shiru, da an ɗora wa batir laifi, ko iska. Amma tarbiyyar gida ta riga tarbiyyar aiki isa bakina. Cikin natsuwa, kowane harafi a mazauninsa, na ce, "Alhamdu lillahi."

Mista Okoro ya ɓace a ƙarƙashin teburinsa. Kafaɗunsa kawai nake hangowa suna rawa.

Da na koma gida na tarar da Hajiya da Iya Sikira a tsakar gida, rediyo a tsakaninsu. Na durƙusa na gaishe su, idona a ƙasa.

"Sannu da aiki, 'yar nan," in ji Hajiya. "Rediyon nan sabuwa ce, amma yau ta yi wani ƙara. Ko mu mayar wa mai kanti?"

"Hajiya, rediyo lafiya lau!" Iya ta ce tana tafa hannu. "Amariya, ni na haifi yara, na san murya. Wannan gyatsa ba ta mutum ɗaya ba ce, mutum biyu suka haɗa ƙarfi."

"Iya, amalarki ce fa," na ce da ƙyar.

"Amalata tana ƙosar da mutum, ba ta sa shi mayafi a wannan zafi."

Hajiya ba ta ambaci ciki ba, ita ma da tata kunyar. Ta dai miƙo hannu ta ce, "Kawo kanwar." Na ɗauko na ba ta. Kafin magariba an ƙara mini matasai biyu a gado, an kawo kunu a ɗan ƙaramin kofi, an kuma sanar da Iya cewa barkononta ya tsaya a bakin zaure sai bayan suna.

Tun daga ranar na gane cewa labarin da ya kamata ki gaya wa mace ɗaya a ɗaka, in kika danne shi, da kansa zai nemi makirufo. Shi ya sa a ciki na biyu tun da wuri Hajiya ta sani. (Iya ce na aika ta gaya mata. Gyatsa ɗaya ba ta isa ta raba mutum da kunya ba.)