Nomau da Duron Alhaji Ɗandare

A Tudun Gawo akwai wani gida da ke da mutum uku da rumfar walda ɗaya a ƙofarsa. Maigidan shi ne Ilu mai walda, matarsa Uwani, sai ƙaninta Nomau, wanda ya ba shekara talatin baya ba tare da wata sana'a ta riƙe shi ya wuce sati ba. Ba malalaci ba ne, ba kuma mai gardama ba. Matsalarsa ɗaya, duk abin da aka gaya masa sai ya yi shi daidai yadda aka faɗa, abin da mutane ba su saba gani ba. Uwani ta yi ta roƙon mijinta ya koya masa walda, har ya gaji ya ce, "Na ba shi kasuwa huɗu. In bai kama ba, sai ya koma ƙauye gun Kawu ya yi kiwon awaki." Nomau kuwa ba abin da yake tsoro irin awakin Kawu, don sun san shi, ya san su.

Wata rana, wato ranar farko, Ilu ya miƙa masa baƙin gilashi ya ce, "Idonka biyu ne, ba a sayar da na uku. Duk inda ka ga wuta, ka sa wannan." Nomau ya karɓa da hannu biyu. Da yamma ya shiga gida, ya hango Uwani ta hura murhu, ya tsaya ya ɗora gilashinsa. Gilashin walda kuwa ba ya nuna komai sai tartsatsi, don haka bai nuna masa tukunyar miya ba, sai da ya yi fatali da ita. Uwani ta riƙe haɓa ta ce, "Nomau, aljanu ne?" Ya ce, "A'a Yaya, aiki ne. Ki duba, idona lafiya lau." Gaskiya ya faɗa. Tuwo dai aka ci gaya a ranar.

Wata rana wani manomi ya kawo garmarsa da ta tsage. Ilu ya ce, "Walda ba ta kama tsatsa, sai ƙarfe ya fito fes. Ga magagari, yi ta gogawa har in dawo." Ya fita da nufin sayo goro, sai aka tare shi da labarin rasuwa, ya bi jana'iza, bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya tarar da Nomau sharkaf da gumi yana nan yana gogawa. Tsatsa ta tafi, tsagewar ta tafi, wurin da tsagewar take ma ya tafi. Manomin ya ɗaga garmar ya leƙa ta tsakiyarta, ya hango Ilu sarai. Ya ce, "Malam Ilu, garma na kawo ko rariya?" Ilu ya ƙera masa sabuwa, ya kuma daina cewa har in dawo.

Wata rana Nomau ya cafki ƙarfen da aka gama liƙawa, ya yi rawar da ba kiɗa. Ilu ya shafa masa zuma a tafin hannu, ya ce, "Ƙarfe munafuki ne, ja ya tafi amma zafi na nan. Kada ka sake taɓa ƙarfe sai ka yayyafa masa ruwa ka ji ko zai yi cuu." Daga nan Nomau ya rataya buta. Ya yayyafa wa guduma, ya yayyafa wa cokalinsa, ya yayyafa wa keken Liman, Liman na kai. Da aka aike shi ya ɗauko sandunan walda, ya jiƙa kwalin gaba ɗaya, ya kasa kunne, ya dawo da albishir: "Maigida, duk masu sanyi ne!" Sandar walda kuwa in ta jiƙe ba ta yin komai sai tofi da tartsatsi. Aka shanya su a rana kamar kuɓewa, aiki ya tsaya kwana biyu. Ilu ya ce wa Uwani, "Saura kasuwa ɗaya. Ki fara nemo masa sandar kiwo."

A cikin satin nan aka kawo labarin wani mai walda a wani gari da tanki ya fashe da shi. Ilu ya kira Nomau ya ce, "Saurara. Tanki ko duro, in dai wuta za ta matso kusa da shi, sai an cika shi da ruwa har ya tumbatsa. Mai yakan ƙare, tururinsa ba ya ƙarewa. Ko ni da kaina na ce maka a bari, kada ka bari." Nomau ya maimaita sau uku, ya ajiye a inda yake ajiye magana.

Wata rana, ranar kasuwa ta huɗu, Uwani ta riga ta ɗaure wa Nomau kayansa a zani. Sai ga Alhaji Ɗandare mai shanu a kan babur, amalanke na bin sa da duro. Ya jingine babur a bakin rumfa ya ce, "Ilu, raba min shi biyu in yi komin shanu. Sauri nake yi. Na ruwa ne, tun da aka ƙera shi bai ga mai ba." Ilu ya ƙwanƙwasa, ya ji wayam, ya ce, "Nomau, wannan a bari, tayar da inji." Nomau ya haye duron ya zauna.

"Sauka."

"Maigida, ka ce ko kai ka ce a bari."

"To yanzu ni ne na ce ka sauka!"

"Ai kai ɗin ka ce kada in ji."

Alhaji ya ce, "Ilu, wai a nan wane ne maigidan?" Shi ma Ilu tambayar ta dame shi. Shi da Alhaji suka koma inuwa suka zauna, Nomau ya yi ta jigila da bokiti har ya ƙarar da randar Uwani da ta maƙwabta. Da ruwa ya kai baki, abin da ya fara tumbatsowa ba ruwa ba ne. Wani abu ne mai sheƙi, ya malalo ta gefen duron, warinsa ya cika rumfar. Alhaji ya dangwala yatsa ya shinshina, ya yi salati. Ashe masu aikinsa duron fetur na injin ban ruwa suka ɗoro masa, na ruwan yana can gida.

Ilu ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, kamar mai duba ko suna nan. Sannan ya leƙa gida ya ce, "Uwani, kwance ƙunshin nan."

Alhaji ya yi ta sa wa Nomau albarka, ya hau babur ya buga, shiru. Ya sake bugawa, babur ya yi tari ya tofar da ruwa. Nomau ya matso da fara'a ya ce, "Ranka ya daɗe, shi ma tanki gare shi, kuma kusa da wuta ka ajiye shi. Na cika maka har ya tumbatsa."

Alhaji ya tura babur ɗinsa har gida yana hamdala. Waɗanda suka gamu da shi a hawan tudu sun ce a daidai nan hamdalar ta ɗan ragu.