Rasuwar Tayar Hagu ta Tirelar Malam Sale

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da aka rasa wanda za a huce a kansa, Malam Sale mai kankana na Kiyawa yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tayar hagu ta 'yar tirelar da yake ja da tsohuwar fijonsa. Ta cika ranar Litinin da azahar a hanyar kasuwar Shuwarin, bayan shekara shida tana bauta.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha ƙaya, ta sha rami, faci tara ne a jikinta, amma ba ta taɓa cewa uffan ba sai ɗan "fuuu" idan ƙusa ta soke ta.

Ciwon ajalinta kuwa, a faɗi gaskiya, daga gida ya fito. Tun ranar da aka sayo ta, Bernard mai faci na bakin tashar Dutse ya nuna wa Malam Sale rubutun da ke gefenta: ga iskar da take so, ga nauyin da ba ta wucewa. Malam ya ce tun ba a haifi Bernard ba yake auna taya da shuri, ƙafarsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Ranar da abin ya faru, noman raninsa ne kaf a ƙasa, wahalar wata uku, ga motocin 'yan Kudu masu sayen kankana suna tashi da la'asar. Sawu biyu ba zai riske su ba, sai ya lafta mata kayan a sawu ɗaya. Bai tsaya nan ba. Da ya ga rana ta take, ya tsuguna ya rage mata iska, wai taya mai tauri ita zafi ke fasawa. Sau nawa Bernard ya gaya masa taya mai laushi ce ke lanƙwashewa ƙarƙashin kaya har ta ɗau zafi ta fashe? Ina, kunnen ƙashi.

Baiwar Allah ta yi ta nishi, "fat, fat, fat." Ana hango rumfunan kasuwa ta ce "ɗau!" Tirela ta kife, titi ya yi jawur. Awakin unguwar ne suka fara zuwa gaisuwa, sannan motocin 'yan Kudu suka wuce shi yana tsaye, har da hon.

Ta bar 'yar'uwarta tayar dama, da safaya wadda rabonta da iska tun shekarar da aka ba mu jiha, da Malam Sale da ke zagayawa ta bayan tasha don kada su haɗa ido da Bernard.

Za a kai gawar wurin baduku gobe da hantsi. Tif ɗin cikinta zai zama guga, sauran a yanka wa Malam takalmi. Mai ɗakinsa Hindatu ta roƙi baduku ya bar rubutun nan na gefenta a sama, inda Malam zai riƙa gani duk sanda ya sunkuya. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Don Allah kada kowa ya zo da kankana.